Shin ana iya yin sushi da kifin Dadin Kowa?

Mai tambaya daga Gombe:
Assalamu alaikum. Na taɓa cin sushi, wani abincin mutanen Japan, sau ɗaya a Abuja, kuma har yanzu ɗanɗanonsa bai bar bakina ba, musamman wanda ake ɗora yankan ɗanyen kifi a kan ɗan curin shinkafa. Shin zan iya haɗa shi a gida da karfasar da muke samu daga madatsar Dadin Kowa?

Wata malama daga Bauchi:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da ka ci sunansa nigiri, ni kuwa na fi son maki, wanda ake naɗe shinkafar cikin busasshen ganyen teku a yayyanka ƙanana. Amma kada ka kusanci karfasa ko tarwaɗa ɗanye, domin kifin ruwan daɗi yakan ɗauki tsutsotsin da ke kama hanji da hanta. Kifin teku ma, kamar salmon, sai an daskarar da shi a sanyin digiri 20 ƙasa da sifili har kwana 7, wanda kuwa da yanayin wutarmu ba kowace firiza za ta iya ba.

Wani dattijo daga Tudun Wada:
Malama ta yi gaskiya. Ƙari a kai, kalmar sushi a Japan tana nufin shinkafar da aka gauraya da ruwan tsamin vinegar ne, ɗanyen kifi zalla kuma sashimi ake ce masa. Saboda haka ka gasa karfasarka, ka naɗe ta da shinkafa da kokwamba.

Mai tambaya:
Na gode, Baba. Ganyen tekun ne zan sa a taho mini da shi daga Abuja.