An raɗa masa sunan maza, yanzu gwaji ya nuna yana da mahaifa

Assalamu alaikum. Tambayar ta likitocin yara ce da malaman fiƙihu.

An haifi jariri a gida, al'aurarsa ba ta fito sarai ba, ungozoma ta ce namiji ne. Ran suna aka yanka rago. Yanzu shekararsa 9, sahun maza yake bi a masallaci, ɗakin yayyensa maza yake kwana. Wanzami ne ya ƙi yi masa kaciya da ya ga fitsari ta ƙasa yake fita, kuma babu 'ya'yan maraina. A asibiti hoton ciki ya nuna mahaifa, ƙwayoyin halitta 46,XX, irin na mata ke nan, sinadarin 17-OHP, wanda ake aunawa a jini don gano irin wannan matsala, ya hau sosai. Wato CAH ne, ciwon da ake haihuwar yaro da shi: halittar da ke saman ƙoda tana zubo sinadarin maza fiye da kima tun yana ciki.

Ga inda aka cije. Maganin hydrocortisone zai rage sinadarin mazan, amma balagar mata na iya biyo baya, nono da jinin al'ada. In an bar shi ba magani, ƙashinsa zai daina girma da wuri, ya tsaya gajere. Uwa na so a mayar da shi mace, uba ya ce da wane ido zai kalli unguwa. Yaron kuwa ko ɗar ba ya yi, cewa yake shi namiji ne.

Za a iya dakatar da balagar da allura har ya mallaki hankalinsa ya zaɓa? Wa zai fara gaya masa, da wane lafazi? A gado kuma, hukuncin khunsa mushkil (wanda aka kasa gane namiji ne ko mace), rabin rabon namiji da rabin na mace, ya hau kansa, ko gwajin ya raba gardama?