Fatsar teku: wa ya taɓa yi a Lome?

Direban Gamkalle: Salamu alaikum ƴan zaure. Sati mai zuwa zan sauka Lome, kun san zaman jiran kaya, sai a share kwana goma ba aikin fari ba na baƙi. Ina so in gwada fatsa a teku daga kan gada. Kayan da nake kamun giwan ruwa da su a Saga za su yi?

Ɗan Sorko: Sandar ta yi in ta kusa mita 4. Zare dai canja, sa mai kaurin milimita 0,50 ko 0,60. Dalma giram 120 zuwa 150, mai ƙafafun waya, in ba haka ba igiyar ruwa ta maido maka ita gaban ƙafarka.

Na Tawa: Mu dai kihin Tabalak ya ishe mu, lahiya lau.

Ɗan Sorko: Ba'adare da zancen teku? Ka fara koyon cewa kifi tukun.

Baba Mai Mulune: Yaro, saurara. Kama kifin ba wuya, hawo da shi ne aikin. Wata shekara na tsaya kan wata gada da asuba, ruwa na cikowa, na sa sardin guda a ƙugiya na ɗaure shi da zaren roba. Ban gama kunna taba ba mulune, abin naɗe zaren da ke jikin sanda, ya fara kuka. Tsoro ya sa na matse birkin mulune gaba ɗaya, wannan kuskure na farko. Allah ya taimake ni zaren bai tsinke ba, na yi ta fama har na jawo shi ƙarƙashina. Na gan shi da idona, fari fat, faɗinsa kamar faifai. To tsakanina da ruwa ya fi tsayin mutum biyu, ba raga, ba ƙugiyar cira. Na ce bari in ɗaga da sanda. Sai ya nutsa ya zagaya ginshiƙi, ga ƙananan katantanwa manne a jiki masu kaifi kamar reza. Ƙas! Na koma da sanda da ɗan yatsa a yanke. Yanzu ko za a ba ni kyauta ba na jefa ƙugiya sai da raga mai zobe ɗaure da igiya, da mutum na biyu mai sauke ta. Birki kuwa a bar shi sako-sako, kifin ya gudu ya gaji da kansa.

Na Tawa: Baba, bara da ka ba mu labarin nan faɗinsa bai wuce marfin tukunya ba.

Baba Mai Mulune: Ubanka ne ya auna?

Malam na Harobanda: A yi haƙuri Baba, jikanka ne. Direba, ƙara waya ta ƙarfe kamar kamu biyu kafin ƙugiya, akwai kifin teku barakuda da ke datse zare da haƙori. Kuma kullum ka wanke mulune da ruwan famfo, gishiri ba ya wasa.

Direban Gamkalle: Tsohuwar gadar Jamusawa fa, ana hawa?

Ɗan Sorko: Ta 1904? Ƙarfe ne ruɓaɓɓe, kar ka soma. Tambayi masunta wurin inda suke tsayawa, ka tambaye su lokacin cikar ruwa, don kullum yana ja baya da kusan minti 50.

Hajiya Mai Soye: In ka kama ka kawo, a kan kilo nake saye.

Malam na Harobanda: Hajiya, ta Burkina zai biyo, kafin ya iso Yamai sai dai banda.

Direban Gamkalle: To ragar nan, a Katako zan samu ko sai can?

Na Tawa: Wai har yanzu ba a buɗe iyakar Gaya ba?