Ƙaramar tocila mai jan kai: wa ya taɓa saye a Sakkwato?

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum jama'a. Zafi ya shigo, mun fitar da tabarmi mun koma kwana tsakar gida, shekaranjiya kuwa kunama ta harbi ƙanena a gindin randa. Fitilar waya ba ta isar mu, ga shi in an ɗauke wuta cajin ma tattalinsa ake yi. Na leƙa Babbar Kasuwa na ga ƙananan tocilolin nan na LED da ake jan kansu, haske ya tsuke ya tafi nesa, in an mayar ya baje. Kwalayen duk sun sha rubutu. Ina son jin ta bakin waɗanda suka riƙe ta a hannu, kuma don Allah mai sauƙin kuɗi.

Baba Mai Gadi, Arkilla:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba yaro lahiya. Ni dai ta yi min rana, don gidan da nike gadi yana da doguwar katanga, in na ja kan sai in hango kusurwa daga inda nike zaune ba sai na tashi ba. Abu guda ka lura da shi: makunnin. Wadda nas saya hwarko haske ukku gare ta, mai ƙarhi, marar ƙarhi, sai mai walƙiya, kuma duk sadda ka kashe ka kunna sai ta tsallaka na gaba. Wata rana tsakad dare na ji motsi bayan katanga, na danna, sai ta kama ƙyalƙyali kamar gidan biki. Ashe akuya ce. Da mutum ne da na sanar da shi inda nike tun kahin in gane shi. Ka kunna ka kashe sau biyar gaban mai shago, ka ga ko kullum tana tashi da haske guda.

Mai gyaran waya, Gawon Nama:
Baba ya yi gaskiya, amma ni batir zan ja kunne a kai, don kusan duk tocilar da aka kawo min wai ta mutu, ƙwanta lafiya lau yake. Yawancinsu suna cin batirin da ake kira 18650. Lambar ba ta wasa ba ce, girmansa ke nan: kauri milimita 18, tsawo milimita 65. Ƙarfinsa bolt 3.7, in ya cika caji ya kai 4.2. Na kirki daga manyan kamfanoni irin su Samsung da LG da Panasonic ba ya wuce mAh 3500 da wani abu mai yawa, mAh kuwa ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka ne. To ka ga duk wanda aka rubuta wa 8800 ko 9900 a jiki, tun daga nan ka san da wa kake ciniki. Ka ɗaga shi a tafin hannu. Na gaske yana da nauyi, wajen giram 45. Na jabu sakayau yake. Na taɓa yaye wani don in gane wa idona, na tarar da ɗan mitsitsin batir a ciki an cike sauran wurin da gari.

Haka lamarin lumen, wato ma'aunin yawan haske. Tocilar da ta shige aljihun riga a rubuta mata 100,000, ai ko fitilar mota ba ta kusa da haka. Irin waɗannan 'yan ɗaruruwa suke bayarwa, kuma ya ishi tsakar gida har da ragowa.

Shi kuwa jan kan, ba ƙara haske yake yi ba. Gilashin gaba ne kake nisantawa daga ƙwan, sai ya tattara hasken wuri ɗaya, wani kaso kuma ya ɓace a cikin bututun. Shi ya sa in ka ja har ƙarshe ka haska bango za ka ga ɗan murabba'i, hoton ƙwan ne kansa. Mutane na ganin haka su ce ta lalace. Ba ta lalace ba.

Maman Biyu, Runjin Sambo:
Ɗan Mabera, in don kunama da tsakar gida ne, wallahi ba za ka taɓa jan kan nan ba. Tawa ta fi shekara, a baje nake barinta, don abin da ke gefen ƙafata nake son gani, ba rufin maƙwabta ba. Yara ne kaɗai ke ja suna haska idon juna har kan ya saki, yanzu in na sunkuyar da ita da kansa yake zamewa. Mai cin ƙananan batura uku ce, AAA. Daɗinta ko a shagon unguwa ka samu batir, ba ruwanka da jiran wuta. Amma na bar su ciki da muka tafi biki Gwadabawa muka daɗe, na dawo na iske sun yi ruwa sun ci ƙarfen. Sai da maigida ya kankare da wuƙa.

Mai albasa, Kwalkwalawa:
Hajiya, ke gida kike, mu da ke ban ruwa da dare sai da ita. Inji yana wancan ɓangare ni ina wanga, in na ja kai sai in ga ko ruwa ya kai ƙarshen fangali. Matsalata da ita ƙura. Kan da ake ja da mayarwa kamar hwamho yake, duk ja guda yana zuƙar iska. Hunturun bara ƙura ta shige bayan gilashi har haske ya koma dishi-dishi. An rubuta ruwa bai shigarta, ta hwaɗa min cikin lambatu na tsamo nan take, amma gilashi ya yi gumi ta ciki kwana biyu. Yanzu biyu nika riƙewa: ta ɗaurawa ga goshi don aiki, mai jan kai don hange, ita kuma cikin leda take kwana.

Mai gyaran waya, Gawon Nama:
Malam, gaban yawancinsu yana kwancewa kamar murfin kwalba. Ka cire gilashin ka goge da tsumma mai laushi, kada ka sa fetur, don galibi roba ce, zai dafe ta. Ƙwan kuma kada yatsa ya taɓa shi.

Direban Illela:
Tawa mai caji ce da wayar USB, batirinta a rufe yake ciki. Na mance ta a gaban mota, ƙarƙashin gilashi, ranar Lahadi ta kasuwar Illela, cikin watan Afrilu. Kun san zafin ranar nan. Daga ranar ba ta ƙara riƙe caji ya kai minti goma ba, kuma babu yadda za a canza batirin sai an fasa ta. In zan sake saye, wadda ake kwance gindinta a zaro batir zan ɗauka.

Ɗan Mabera:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na koma kasuwa ɗazu. Na bi maganar Baba, na yi ta kunnawa da kashewa har mai shagon ya fara hararata, cikin biyar guda ɗaya ce ke tashi da haske ɗaya kullum. Jikinta ƙarfe ne, gindinta na kwancewa, tana cin 18650 kuma an haɗo da 'yar ragar saka AAA uku. Batirin da ya zo da ita an rubuta masa 9900, na ɗaga shi na ji kamar kara. Oga mai gyara, gobe bayan la'asar kana shago? Zan kawo shi ka gwada min, in kuma kana da na kirki ka ajiye min ɗaya.

Mai gyaran waya, Gawon Nama:
Ina nan in sha Allahu. Ka zo da cajar da aka ba ka ma, ita nake son dubawa kafin ka jona ta cikin ɗaki ka kwanta.