Alarm ɗin gida mai abonma, wa ke zuwa in ta yi kuka?

Ɗan Karkada:
Slm jama'a. Ina yawan zuwa Kano sarin kaya, gida sai uwargida da yara, to wani ɗan'uwana da ke Faransa ya ce shi kamfanin Verisure ne ke tsare mashi gida, yana biyan abonma duk wata, ya ce in nemi irin alarm ɗin da suka sa mashi. Ni dai jiniya na sani mai ihu. Mene ne bambancin, kuma abin zai yi aiki nan Damagaram da wannan ɗauke kurran ɗin?

Mai haɗa sola:
Wslm Alhaji. Akwai akwati da ake kafewa a bango cikin ɗaka, shi ne santral, komai gare shi yake kai rahoto. A ƙofa da taga ana manna abu biyu, ɗaya maganaɗisu ne a jikin ƙyaure ɗaya a jikin dogaran ƙofa, da an buɗe sun rabu santral ta ji. Sai wani da ake sawa a kusurwa sama, shi ba hoto yake gani ba, ɗumin jikin mutum yake ji in yana motsi. In za ka fita ka danna kod, in ka dawo ta ba ka kamar sakan 30 ka kashe, in ba ka kashe ba jiniya ta tashi.

To mai abonma ƙarin da ta yi, akwai pus a cikin santral ɗin irin na waya, lokacin da jiniya ke ihu ita kuma ta aika saƙo ofishin kamfani inda mutane ke zaune dare da rana gaban kwamfuta, su ga gidan wane, ƙofar baya, ƙarfe kaza, sai su kira ka su tambayi kalmar sirri, in ba ka ɗauka ba ko ka faɗi ba daidai ba su kira na biyu a jerin lambobin da ka ba su sannan su turo masu gadinsu ko su sanar da 'yan sanda. Akwai ma kod na biyu, in ɓarawo ya tsare mutum ya ce kashe, shi za ka danna, jiniya ta yi shiru amma saƙo ya tafi a ɓoye.

Kurran ba matsala, tana da batir 12V a ciki. Zafinmu dai yana cin batir, a riƙa duba shi, ko a haɗa ta da sola.

Maman biyu:
Mu da ke kwana a tsakar gida lokacin bazara fa? Ga kaji ga mage ga akuya. Ai sai mu hana unguwa barci, kwana uku maƙwabta su daina leƙowa ko da gaske ne.

Mai haɗa sola:
Hajiya gaskiyarki. Shi ya sa tana da saiti na dare, a kunna na ƙofar waje da ɗakin kaya kawai a bar inda ake kai da kawowa. Akwai mai jin motsi da ba ya kula ƙananan dabbobi, akuya kam sai an ɗaure ta. Kuma a Afrilu da Mayu da zafi ke haura 40, bango da jikin mutum ɗuminsu ya kusa zama ɗaya, na'urar motsin tana raguwa, ni na fi yarda da na maganaɗisu. Kar a kafa ta tana kallon taga ko labule, hunturu kuma a goge ƙura da yanar gizo.

Tsohon gardi:
Ɗana kafin ka ba kowa jikka ɗaya, tambaye su motarsu a ina take kwana. In ofishi na Yamai kai kana nan, kusan kilomita 900, abin da za su yi maka kiran waya ne, wannan kuwa santral da kanta tana yi in ka sa mata pus da kiredi, ta kira ka ta kira ƙanenka ta kira maƙwabci. Su rubuta maka a takarda minti nawa suke isowa, da abin da ke faruwa in rezo ya ɗauke ko an fizge akwatin daga bango. Lambar polis 17 ce, uwargida ta haddace ta.

Ɗan Karkada:
Baba na gode, Allah ya ƙara girma. Malam mai sola, zan fara da mai kiran waya tukuna, ƙofa biyu da ɗakin kaya. Pus biyu na shiga ciki, ko sai ɗaya?