gdb daga nesa: zare na fitowa da ?? maimakon suna

Ɗan Nima:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina da Raspberry Pi a wani shago a Asawase, Kumasi, ni kuma ina Accra. Manhajar C ce take gudu a kansa, mai zare (thread) 6. `gdbserver :2345` na gudu a can, wato ɓangaren gdb (manhajar binciken kurakurai) da ke zama kan Pi, ina shiga da gdb-multiarch ta SSH. `info threads` na nuna zaren duka, amma `thread apply all bt` yawanci ?? yake kawowa maimakon sunayen functions. `print errno` (lambar kuskure ta C) kuma sai ya ce "Remote target failed to process qGetTLSAddr request". Da -g na harhaɗa, wato da bayanan debug. Ina matsalar take?

Malamin Aboabo:
Wa alaikumus salam. Matsala biyu ce, kada ka haɗa su. Ta farko: gdbserver ba ya karanta alamomi. Adireshi kawai yake turowa, gdb ɗin da ke kwamfutarka ne yake mayar da adireshin ya zama suna. Shi -g manhajarka kaɗai ya shafa, amma zaren da ke jira yana cikin libc ne, wato babban laburaren C. Idan gdb ya buɗe libc na kwamfutarka, ko bai samu komai ba, sai ?? ya cika allo.

Kwaso /lib da /usr/lib na Pi ɗin zuwa wata folda, ka rubuta `set sysroot` da hanyarta KAFIN `target remote`. Ka lura da symlink (fayil mai nuna wani fayil) masu farawa da /, don bayan kwafi za su koma nuna fayilolin kwamfutarka. Sai ka duba `info sharedlibrary`. "No" na nufin ba a loda ba. "Yes (*)" kuwa akwai sunaye amma babu lambar layi.

Yaya Madina:
Malam ya gama da ta farko. Ta errno ta fi daɗin bayani. Kowane zare yana da nasa errno, kuma wanda ya san inda yake zaune shi ne laburaren libthread_db. A can kan Pi gdbserver yake loda shi, ba wajenka ba. To shi kuma yana buƙatar adireshin wasu sunaye na cikin glibc (libc ɗin GNU), kamar nptl_version, alhali gdbserver ba shi da teburin sunaye. Sai tambaya ta juya: gdb ya aika `qSymbol::` cewa a shirye yake, gdbserver ya turo suna cikin hex, gdb ya mayar da adireshi, haka har a ƙare da OK. Idan sysroot ɗinka ba daidai ba ne, amsar fanko ce ko ta ƙarya, libthread_db ya ƙi tashi.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne zaren suna bayyana duk da haka, saboda ta ptrace, hanyar Linux ta sa ido kan manhaja, gdbserver yake ganinsu, ba ta libthread_db ba. Kunna `set debug remote 1` ka ga musayar da idonka.

Tun glibc 2.34 na 2021 an narkar da libpthread, laburaren zare, cikin libc.so.6. Kafin nan, duk wanda ya aske sunayen libpthread da umarnin strip ya jawo wa kansa wannan ciwon. Kuma dole libthread_db ya zama na glibc ɗin da manhajar ke gudu a kai. In yana wata folda, `monitor set libthread-db-search-path`.

Ɗan Nima:
Na gode, Yaya. Me zai hana in bar `set sysroot target:` ya jawo su da kansa?

Malamin Aboabo:
Yana aiki, kuma ba a samun saɓanin siga. Sai dai duk shiga sai ya sake jawo kowane laburare ta cikin layin gdb, ɗan guntu-guntu. Daga Kumasi zuwa Accra a kan datar waya, za ka sha shayi ka gama bai kai breakpoint (wurin da ka sa ya tsaya) na farko ba. In dumsor, wato ɗaukewar wuta, ya kashe Pi ɗin, ka sake daga farko. Kwafi ɗaya ya fi, amma ka sabunta shi duk lokacin da aka yi `apt upgrade` a can.

Ka kuma gwada `readelf -n` a kan manhajar da ke can da wadda ke hannunka. In Build ID, lambar shaidar harhaɗawa da yake nunawa, ya bambanta ko da harafi ɗaya, sunayen na iya fitowa amma na ƙarya, wanda ya fi ?? haɗari. Lokacin takawa da `next` kuma sa `set scheduler-locking step`, in ba haka ba wani zaren zai buga breakpoint ya fizge ka zuwa wani wuri.