Hadarin da ke bajewa da wanda ke kwana yana tafiya

Manomin shinkafa, Argungu: Jama'a, kowa ya kawo abin da ya gani. Wani hadarin zai haɗo baƙi ƙirin, ya cika gari da tsawa, kafin mata su gama kwashe shanya ya baje. Wani kuma ya taso daga gabas ya yi ta zuba har asuba. Me ya bambanta su?

Direba, Gusau: Baba, na gabas ɗin matafiyi ne. Na sha baro Gusau da la'asar yana haɗowa a bayana, in sauka Birnin Kebbi, bayan isha'i ya iso da ƙarfinsa. Shi ba ya zagayawa ta Sakkwato, ba ya tsayawa shan mai.

Malamin sakandare, Birnin Kebbi: Direba ya faɗi gaskiya, kuma iska biyu ne ke riƙe da shi. Ta ƙasa tana kawo damshi daga Tekun Atlantika ta kudu maso yamma. Can sama, wajen kilomita 3 zuwa 4, wata mai ƙarfi tana kaɗawa daga gabas. Hadarin da ya tsaya cak, ruwansa yana faɗowa ne ta hanyar da iska mai ɗumi ke bi ta hau, sai ya toshe abincinsa da kansa, cikin kamar awa guda ya mutu. In ta sama ta karkatar da shi kuwa, ta bayansa ruwan yake zuba, iskar sanyin da ke saukowa da ruwan ta yi gaba tana ɗaga ɗumin da ta tarar, sabon gajimare ya tashi a goshinsa. Don haka wanda ya iso mana ba gajimaren Gusau ba ne, jikansa ne.

Mai sayar da fura, Ƙauran Namoda: To Malam, na watan Mayu fa? Jan ƙura ya rufe gari, kwanon rufi ya tashi, kana hango ruwan yana saukowa daga gajimare amma ko ɗigo bai taɓa ƙasa ba. Kakata cewa take bakan gizo ne ya shanye.

Malamin sakandare: Hajiya, busasshiyar iskar bazara ce ta shanye shi a hanya. Lokacin damshin kudu bai yi kauri ba tukuna. Haka hadarin kaka yake, sai rugugi.

Masunci, Yauri: Mu a kan Neja iskar sanyin nan muke tsoro, ba ruwan ba. Da ta taɓa bayan wuyanka, naɗe koma ka nufi gaɓa, domin igiyar ruwa tana riga ɗigon farko isowa. Markar Agusta dai da sauƙi, tana iya wuni tana zuba kwale-kwale bai girgiza ba. Na Yuni ne ke kifar da mutane.

Manomin shinkafa: Ku markar ta yi muku sauƙi. Mu ita ce ta cika gulbi a 2020, shinkafar fadama ta nutse tun daga nan har Birnin Kebbi.