Sabon kocinmu ya dage sai 3-4-3, in sallame shi ko in bar shi?

Ciyaman: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ke riƙe da wani kulob ɗin ƙwallon ƙafa na unguwa a Gusau. Tsohon kocinmu ya koma Kaduna, kwamiti ya rabu biyu, sai na kawo wani yaro mai takardar koyarwa, maƙwabcin ƙanena ne, ana yabon tarbiyyarsa. Da zuwansa ya watsar da tsarin 4-3-3 (baya huɗu, tsakiya uku, gaba uku) ya koma 3-4-3 mai 'yan baya uku, ya ajiye kyaftin a benci. Mun yi canjaras, an ci mu, yara sai gunaguni, ga gasa ta matso. Ya zan yi?

Tsohon Lamba Biyar: Ciyaman, 3-4-3 a wuyan mutum biyu take: lamba biyu da lamba uku, masu buga gefe. Su ne za su hau su sauko tsawon minti 90. A filin yashi da ranar la'asar, kafin minti 60 sun sare, sai gefe ya buɗe, na tsakiya biyu su faɗa hannun mutum uku. Dubi koci Ruben Amorim: ya ci gasar lig ta Fotugal da Sporting a 2021 da 2024, amma da ya kai tsarin Manchester United, inda aka sayi 'yan wasa don baya huɗu, na 15 suka ƙare a 2025. Kocinku ya koma 4-3-3 ko ya kama gabansa.

Ɗan Kaura: Haba yayana. Conte fa, lokacin yana kocin Chelsea? Bayan Arsenal ta ci Chelsea 3-0 a 2016 ya koma baya uku, ya mayar da Victor Moses gefen dama, suka ci wasa 13 a jere, suka ɗauki kofi. A ba kocinku wasa shida, a raba tirenin: gudu da safe, tsayuwar layin baya da yamma.

Tsohon Lamba Biyar: Moses nawa ke Gusau?

Baban Gola: Ni dai matsalata ciyamomi. Ba kuɗin ruwa, ba takalmi, amma ranar wasa su ke rubuta sunayen sha ɗaya. Nawa kuke ba kocin? Akwai yarjejeniya a rubuce?

Ciyaman: Baba, ban taɓa sa baki a zaɓen 'yan wasa ba. Kuma kyaftin ɗin shi ma ba ya zuwa tirenin. Yaron ya san aikinsa, ba banza na ɗauko shi ba.

Tsohon Lamba Biyar: To in ya san aiki, me ka zo tambaya?

Ɗan Kaura: Ciyaman, har yanzu ba ka faɗa mana su wa ke buga maka gefe ba.